Lita Biyu

Injin hura iska ya yi tari sau biyu, ya yi ƙugi, ya mutu. Ƙarfe goma ne na safiyar Alhamis, a bayan wani kamfanin jimar fata da ke Challawa.

Mutum biyu ne a cikin ramin da dattin ruwan jima ke taruwa: Malam Dalhatu, dattijo ɗan Jigawa, da Jamilu, wanda wata uku ke nan da ɗaura masa aure. Zurfin ramin ya kai gaba huɗu. Iskar cikinsa guba ce, warinta kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma ƙaramin injin nan mai fetur shi ke tura musu iska mai kyau ta wani ƙaton tiyo. Ranar Asabar aka saba yashe ramin. Manaja ne ya matso da aikin saboda masu duba-gari za su zo.

Tijjani yana ɗakin gishiri yana jera fatu lokacin da ya ji ihu. Ya tare wani mai gudu ya tambaye shi.

"Injin rami ne ya mutu!"

"Yau? Ai yau ba Asabar ba ce!"

"Jamilunku na ciki."

Jamilu ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya ɗauko shi daga ƙauye ya sama masa wannan aiki. Tijjani ya zubar da fatun ya zura da gudu, takalminsa ɗaya ya fice bai waiwaya ba.

Ya tarar da mutane sun yi cincirindo a bakin ramin. Can ƙasa Malam Dalhatu ya kife a cikin laka. Jamilu ya hau matakala uku na tsani, ya sulale, ya jingina da bango, kansa ya langaɓe. Wani ya sa ƙafa zai shiga, aka riƙe shi. Duk wanda ya sauka babu iska, gawa ta uku zai zama.

Uba, makaniken kamfanin, ya durƙusa gaban injin. Ya duba baƙin mai, yana nan daidai. Ya fara kwance fulogi.

"Ba fulogi ba ne, Malam Uba," in ji Tijjani. "Mai ne. Ku ba ni sifana."

Bai jira amsa ba, ya fizge sifanar. Kafin ya shiga kamfani ya yi shekara shida yana gyaran janareto a Panshekara, hannunsa bai manta ba. Ya kwance ƙaramin notin da ke ƙarƙashin kafireto. Abin da ya zubo ba shi da kamar fetur: ruwan ƙasa-ƙasa ne, da tsaki-tsakin tsatsa da ɗigon ruwa a ciki. Ya kifa injin ya zazzage tankin gaba ɗaya a ƙasa.

"A kawo fetur!" Uba ya daka tsawa.

Aka ce sito a kulle yake, mai makullin ya tafi Bompai kai saƙo. Wasu suka tafi neman guduma su fasa ƙofa. Tijjani ya riga ya yi wajen ajiye babura. Ya zare tiyon mai na babur ɗinsa, ya tara galan, ya tsaya yana kallon man yana tsiyaya kamar da gangan, bakinsa na ta "Ya Hayyu Ya Ƙayyumu", har tankin ya ƙafe.

Ya dawo ya ɗauraye kafireton da sabon man. Ya sa baki ya hure ƙaramar kafar da dattin ya toshe, fetur ya ƙona masa leɓe, ya tofar ya sake hurawa. Ya mayar da komai, ya juye sauran man a tanki, ya ja igiya.

Shiru.

Ya sake ja. Ya sake. A ja na biyar igiyar ta yanke masa tafin hannu. Wani ya leƙa ramin ya ce Jamilu ya daina motsi. Tijjani ya naɗe igiyar a hannun mai jini ya fizga da duk ƙarfin da ya rage masa, injin ya yi tari, ya fesa baƙin hayaƙi, ya kama. Tiyon ya kumbura.

Sai da iska ta ɗan wanke ramin sannan mutum biyu suka sauka da igiya a ƙugu. Jamilu aka fara fitowa da shi, kumfa a bakinsa, amma ƙirjinsa na ɗagawa. Malam Dalhatu da aka fito da shi, wani dattijo ya taɓa wuyansa, ya yi salati, ya cire rigarsa ya rufe masa fuska.

Bayan mota ta tafi da su, manaja ya riƙe hannun Tijjani a gaban kowa, ya ce ba don shi ba da gawa biyu za a kai gida. Sannan ya juya kan Uba ya ce ya miƙa makullansa ya jira 'yan sanda.

"Wallahi, ranka ya daɗe, ni da hannuna na cika tankin nan jiya da yamma," in ji Uba, hawaye na zubo masa. "Fes na zuba shi."

Tijjani ya tura babur ɗinsa da ƙafa har Panshekara, mutane na ta sa masa albarka a hanya. Ya yi niyyar mayar da man kafin Asabar, Allah shaida ne. Lita biyun da ya tsiyayo daga babur ɗinsa su ne waɗanda ya zuƙe daga tankin injin da sassafe, ya cike gurbinsu da dattin man da aka wanke ƙarafa da shi.