Silinda ta Uku

Tun daga ƙofar gida Jamilu ya ji motar matarsa ta daina tari. Wata biyu ke nan motar Atika tana karkarwa, in ta tsaya a danja sitiyari ya yi ta rawa kamar mai zazzaɓi. Duk sanda ta yi masa magana sai ya ce gobe, ga motocin mutane jibge a garejinsa na Sharada. Yau kuwa inji sumul.

Ya buɗe bonet. An sa sabon koyil a silinda ta uku, an wanke fulogi, an ɗaure wayoyi tsaf, irin ɗaurin da shi kansa yake yi.

"Wa ya taɓa motar nan?"

"An dai gyara, Abban Halima," in ji Atika, tana cuɗa hannu da omo a bakin famfo. "Ba shi ke nan ba?"

Bayan shi, mutum ɗaya ne ya san wannan ɗaurin: Nura, bakaniken Bompai. Wurin maigida ɗaya suka koyi aiki, kuma Nura ne ya fara neman Atika kafin ta zaɓi Jamilu.

Kwana uku abinci ya ƙi shiga. In wayarta ta yi ƙara sai ya kasa kunne. Ko yana ƙarƙashin mota, Nura yake hangowa sunkuye a kan injin, ita tana gefe tana dariya.

Ran Litinin da safe, tana shirin tafiya kamfanin fata da take aiki a Challawa, ya zare soket ɗin nozul mai fesa mai na silinda ta huɗu, ya bar shi a ɗofane kamar yana ciki, don motar ta koma tari ya ga wurin wanda za ta kai ta. Ya hau babur ya yi Bompai, ya laɓe bayan wata tirela daura da garejin Nura. Ya riga ya tsara abin da zai faɗa musu, har da kalmar da aure ba ya tsallake ta.

Takwas ta yi. Tara ta wuce. Ba motar Atika.

Nura ne ya hango shi, ya taho da fara'a. "Jamilu! Ɓatan hanya ka yi? Ya iyali? Rabona da ganin Atika tun sunan Halima."

Jamilu ya cakumi wuyan rigarsa. Bai kai ga buɗe baki ba wayarsa ta yi ƙara. Atika ce.

"Abban Halima, na iso aiki lafiya. Soket dai ba ya zare kansa, za mu yi wannan maganar a gida."

"Wa... wa ya gano miki?"

"Koyil na bi ina cirewa ɗaya bayan ɗaya, na ji wanda ko an cire shi inji bai sauya murya ba, kamar yadda na yi ran da na canja na ukun. A nan na ga soket ɗin a zare. Shekara tara ina kai maka abinci gareji, ka ɗauka ido rufe nake zama?"