Gudumar Kankare Tsatsa

Mai zagayawa da baƙi a tsohuwar tashar jiragen ruwan Busan ta miƙa masa gudumar da mata ke kankare tsatsar jirage da ita a da. Ya buga a jikin ƙarfe, ƙarar ta ratsa shi har haƙora.

Mahaifiyarsa na gefe tana dariya. Wannan bugun ne aikinta a da; shi ya kurumtar da ita, shi ne kuma ya ciyar da ɗan nata. Amma tun yana yaro yake jin kunyar yadda take magana da ihu.

Ya sunkuya daidai kunnenta, ya ware murya: "Umma, na gode!"

Ta kai masa duka a kafaɗa. "Kai, rage murya mana! Cikin mutane muke."