Fatun Layya a Ƙarƙashin Gado

"Ɗaga ƙafarki, Ladidi!" in ji Malam Inuwa, yana tura fata ta ƙarshe ƙarƙashin gadon matarsa.

Shi ne ma'ajin ƙungiyar leburorin Challawa, wadda take tara fatun layya ta sayar ta ciyar da marayu. Da ya ji mai haraji na tafe daga Nassarawa, sai ya yi abin da ya ga mahaifinsa yana yi da shanu lokacin jangali. Ya kwashe fatun kaf daga ɗakin ajiya ya ɓoye a gidansa da ke maƙwabtaka.

Mai haraji ya sauka daga babur, ya leƙa ɗakin ajiya, wayam.

"Malam, ƙungiyarku ba ta da komai?"

"Ko wutsiyar akuya, ranka ya daɗe. Na rantse da Allah."

"Bari rantsuwa. Ai ko da akwai, kayan sadaka ba a karɓar musu ko kwabo."

Daidai nan fatu suka fara faɗowa ta katangar gidansa, ƙudaje na biye.

"Wallahi ba zan kwana da warin nan ba!" in ji Ladidi daga ciki.

Tarin ya kai gwiwar mai haraji.

"Na ƙungiya ne," Inuwa ya ce a hankali.

"Haba Malam, kai da ka rantse?" Mai haraji ya zaro biro. "Babban dillalin fata kamarka, kuma ba ka taɓa biyan haraji ba?"