Bugu Uku a Bango

Mukhtaru ya tsinci wani faifan CD ne a bakin ƙofarsa, sati guda bayan ya tare a wani tsohon bene a unguwar Zahir da ke Makka. Sana'arsa gyaran lasifikar masallatai, ga ta tantunan Mina idan Hajji ta zo, don haka ɗakinsa ya fi kama da shago. Ya saka faifan don ya gwada wata lasifika da ya gama gyarawa. Bai cire shi ba sai da aka kira magariba.

Kiɗan Turawa ne, babu waƙa, sai wani babban goge mai nishi kamar mutum. Shekara biyu ke nan da rasuwar matarsa Dalal, ba su haihu ba, kuma tun ranar da aka rufe ta bai zubar da hawaye ba sai wannan yammacin.

Da wayarsa ya fassara 'yar takardar da ke cikin kwalin faifan. Mai kiɗan, Vilem Stranek, mutumin ƙasar Czech ne, ɗan mai kaɗa ƙararrawar coci a wani ƙauye. Ya tsara wannan kiɗan ne a shekarar da ya binne matarsa. Daga baya wani ciwo ya raba shi da aikin, ya sayar da gidansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mukhtaru ya ji kamar ya samu ɗan'uwa. Kullum bayan la'asar sai ya rufe taga, ya jingina lasifikar da bango, su zauna shi da Stranek.

Sai dai a tsorace yake. Mai gyaran lasifikar masallaci a ji shi da goge, a Makka? Idan maganar ta kai kunnen limamai, abincinsa ya ƙare.

Ga kuma maƙwabcin da Allah ya haɗa shi da shi. Wani farin tsoho ne mai dogon gemu, da 'yan benen suke kira Buhari, don a garin nan duk farin tsohon da ba Balarabe ba, mutumin Buhara ne. Sau nawa Mukhtaru yana yi masa sallama a matakala, ko waiwaye ba ya yi. Wanda ba ya amsa sallama, ai ba a jiran alheri daga gare shi.

Ran nan Mukhtaru ya fito zubar da shara ya bar kiɗan yana tashi. Ƙofar tsohon a buɗe take. Sai ga shi tsaye, ya manna tafukansa da goshinsa a bangon da ya raba ɗakunansu, idonsa a rufe. Mukhtaru ya ja da baya. Laɓe ke nan, saura kai ƙara.

Ya koma ya zare faifan ya cusa a ƙarƙashin katifa.

Washegari bayan la'asar aka buga bangon sau uku. Washegarinsa ma haka. Mukhtaru ya ɗauka gargaɗi ne, wato na ji ka, kuma ban manta ba. Ya daina kunna ko rediyo. Yakan zauna a tsakiyar lasifikoki goma sha, babu mai cewa uffan, kaɗaici yana cin sa, yana jin haushin tsohon har cikin ransa. Wata uku ana bugun, yana raguwa da ƙarfi, har ranar da bai zo ba. Mukhtaru ya ce alhamdulillahi.

Da safe Abdulilah mai kula da benen ya ƙwanƙwasa masa. Tsohon ya cika, ba shi da kowa, ana neman mai kama makara zuwa Harami. Mukhtaru ya saka takalmi, don gaba ba ta bin mutum kabari. A ɗakin tsohon babu komai sai darduma, Alƙur'ani da akwati ɗaya. Bai iya yin shiru ba, ya ce Allah ya jiƙansa, amma mutum ne mai wuyar zama, ko sallama ba ya amsawa.

Abdulilah ya dube shi da mamaki. "Ya shekh, ai kurma ne, miskin. Shekara ashirin ba ya jin ko tsawa. Da rubutu muke magana. Kwanan nan kullum sai ya rubuto mini, wai in tambaye ka ko na'urarka ce ta lalace, bango ya daina motsi. Wallahi ni na ɗauka rikicin tsufa ne."

Ya buɗe akwatin yana neman takardun da hukuma za ta buƙata, ya miƙa wa Mukhtaru fasfo ya riƙe masa. Mukhtaru ya buɗe shafin farko. A ƙarƙashin hoton tsohon an rubuta Vilem Stranek.