Allon Tagulla a Ƙofar Matar Direba

Shugaban ƙungiyar jikokin mayaƙa ya tuɓe takalminsa tun daga bakin titi, ya tako kan tsakuwa yana ɗingishi, wai ƙasar nan ta sha jinin kakanninsa. Matar Direba na zaune a ƙofar gidanta tana kallonsa. Ita da silifas ɗinta take taka wurin, ruwan wanke-wanke ma a nan take watsawa.

Ginshiƙi ne na siminti, tsawon mutum, an manna masa allon tagulla da ya yi kore don tsufa. Akwai zanen doki da mashi, ga rubutu a ƙasa. Ba ta iya karatu ba, amma ta ji an karanta shi har ya gundure ta: a nan aka gwabza, a nan mazaje suka faɗi. Tana amarya aka kafa shi, daga birni aka aiko. Sa'o'inta na unguwar duk sun mutu, ita kaɗai ta rage tana ganin manyan mutane masu tumbi suna zuwa su yi kuka, su ɗebi ƙasa a leda. Wani har rantse mata ya yi yana jin ƙarnin jini. Ta ce masa kwata ce.

Yau ba kuka ya kawo Shugaba ba. Izinin hukuma ya samo. Za a kewaye wurin da katanga, a gina zauren tunawa, gidanta kuwa ya faɗa tsakiyar awo. Gidan da marigayi mijinta ya gina da guminsa a bayan sitiyarin tifa, bulo bayan bulo.

"Inna, ai abin alfahari ne gare ki," in ji shi. "Za a ba ki ɗaki biyu a bayan kasuwa."

"Wa ce innarka? Ka fi ni furfura. Ɗaki biyun ka sa akuyarka a ciki."

Ya tafi, ya dawo, ya sake dawowa. Ya zo da lallashi, ta ce ba ta jin yunwa. Ya zo da sakatarensa mai jakar fata, ta bar su tsaye a rana ta ci gaba da tsintar wake. Ranar da ya ambaci katafila ne ta ɗago ta dube shi sosai, don ta san wannan kam yana iyawa. Mutumin da ke share hawaye da hankici mai turare ba zai ji komai ba in ya ga tsohuwa a titi da tukwanenta.

Sai ta sauko ciniki. Gida mai rijiya. Rufin kwano sabo, ba wanda aka ciro daga wani kango ba. Mangwaron da ta shuka, a shuka mata wani. Kowanne sai da ya yi gumi kafin ya ce to.

"Sai kuma filinka na hayin kogi," ta ce.

Shugaba ya dubi sakatare, suka danne dariya. "Wannan fakon? Duk wanda na ba noma sai ya dawo min da karyayyar garma. Me za ki yi da shi?"

"Iska zan sha. Za ka bayar ko in koma tsintar wakena?"

Ya bayar da sauri, kada ta dawo hayyacinta. Ta ce a gaban shaidu, aka kira shaidu. Ya sa hannu da alƙalami mai ruwan zinariya, ta dangwala babban yatsa, ta goge a gefen zani. Kafin yamma ya gama baza wa gari cewa tsufa ya taɓa ta.

Ranar haƙa harsashi ta fito da kayanta a bayan mota. Jikoki sun yi sahu ba takalmi, Shugaba ya dafa allon yana rawar murya, yana cewa a daidai nan kakansa ya ja numfashin ƙarshe, jikinsa ma ya ba shi. Ta tofar da yawu ta taga, ta ce wa direba ya ja.

Ba gaggawa take yi ba. Za ta bari su gama katangarsu, su shafa fenti, su gayyato masu kyamara, tukuna ta aika a kira mata shi a yi sabon ciniki. Don tana tsaye a ƙofar nan ranar da aka ɗora wa marigayi ginshiƙin a tifa don ya kai shi ainihin filin yaƙi, wato fakon nan na hayin kogi, ya ratso gida don ya leƙa amarya, tifa ta ƙi tashi, magina suka gaji da jira suka kafa shi inda aka sauke.