Telan da Ya Ari Ƙungiyar Maƙwabcinsa

Tunda ka ce so kake ka tafiyar da harkarka sak yadda maƙwabcinka yake tafiyar da tasa, bari in ba ka misalin wani tela.

A wani layin kasuwa, masu shaguna sun haɗa gasar ƙwallon nan ta waya da ake kira fantasi. Kowa zai tsinto 'yan wasa daga kulob-kulob na Turai ya haɗa ƙungiyarsa, in ɗan wasansa ya ci ƙwallo a fili shi ma ya samu maki a waya. Sauyin ɗan wasa ɗaya ake yi kyauta a mako, wanda ya ƙara a zaftare masa maki. Ba kuɗi suka sa ba, abin da suka sa ya fi kuɗi ciwo: duk wanda ya zo na ƙarshe zai wuni ranar kasuwa sanye da rigar kulob ɗin da ya fi tsana. Telan nan kuwa ƙaton mutum ne, ga tumbi ga baki. Ya daɗe yana yi wa magoya bayan wani kulob mai jar riga tsiya, har yakan ce ko kyauta aka ba shi jan yadi ba zai ɗinka wa kansa ba. Ƙungiyar da ya fara haɗawa da kansa tana tsakiyar tebur, ba yabo ba fallasa. Abin da ya hana shi sakat shi ne mai sayar da takalma na shagon kusa da shi, wani siriri marar hayaniya, kuma ɗan jar riga. Wannan bawan Allah bai taɓa zuwa na ɗaya a mako ba, bai kuma taɓa faɗuwa ba. Kullum makinsa daidai kamar awon mudu, sannu a hankali sai ga shi a sama. Shi kuma tela Allah ya yi shi da son bin ƙwaƙƙwafi, in ya ga ɗinkin da ya burge shi a jikin mutum, sai ya juya bakin rigar ya ga yadda aka yi. Haka ya tasa mai takalma a gaba, har ya tambaye shi ko wani malami ne yake yi masa aiki. Mai takalma ya yi dariya ya ci gaba da goge hajarsa. Ana nan sai tela ya gano cewa da zarar an rufe zaɓe an fara wasannin mako, ana iya buɗe ƙungiyar kowa a gani. Murna ta kama shi, ya ce ashe sirrin a fili yake.

Daga nan ya shiga kwafa. Duk ɗan wasan da ya gani a wurin mai takalma sai ya saye shi, ya sallami nasa, ana zaftare masa maki bai damu ba. Sai dai abin da yake gani zaɓen makon da ya wuce ne. Kafin ya sayo mutum, an riga an ci moriyarsa. Abin ya ɗaure masa kai ƙwarai: 'yan wasa iri ɗaya, amma wancan yana hawa shi yana gangarowa. Maimakon ya dakata, sai ya ƙara ƙaimi, yana taka keken ɗinki ido na kan waya, har ya taɓa ɗinke aljihun wani ango. Wani ɗan wasan gaba da ya sallama tun farko kuwa, kamar jira yake, ya kama zura ƙwallaye. Da kakar wasa ta kusa ƙarewa ya ga ƙasan tebur yana kiransa, tsoro ya shige shi, ya ajiye girman kai ya tambayi maƙwabcin nasa gaba da gaba. Mai takalma ya ce, "Maigida, ni ba wanda ya ci jiya nake saye ba, wanda zai gamu da kulob mai raunin tsaron baya gobe nake nema. Kai kuma kullum sai ranar da nake shirin sallamar mutum kake zuwa ka ɗauke shi." Tela ya gane, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Shi ya zo na ƙarshe. Hatta mai shayin layin, da wayarsa ta lalace tun tsakiyar kaka bai sake taɓa ƙungiyarsa ba, ya fi shi maki, kuma wannan ya fi komai yi masa zafi. Ranar kasuwa ta zo, ya rantse ba zai sayi jar riga da guminsa ba, sai ya ari ta mai takalma. Rigar ta tsaya masa sama da cibiya. Haka ya wuni a ƙofar shago, in ya ja ta gaba baya ya buɗe, in ya ja baya tumbi ya fito, masu wucewa suna yi masa sannu da aiki.

To ka ji. Kafin ka tafi kwaikwayon maƙwabcinka, ka tuna Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.