Shanun Huɗa Biyu, Duk 'Yan Dama

Haba Malam Tanimu! Mako uku ke nan muna kan darasin Turanci guda ɗaya, har maƙogwarona ya bushe. Kai da ka aurar da 'ya'ya, ka dube ni ka ce wai adjective da adverb duk kanwar ja ce, tunda ko yabo ne ko kushe? Wallahi ka ƙure ni. Na ce maka adjective sifa ce, tana manne da suna, tana faɗa maka irin abu: fari ne, ƙato ne, gajere ne. Adverb kuwa bayanau ne, yana bin aiki, yana faɗa maka yadda aka yi shi: da sauri, a hankali, a karkace. Ajiye biron nan, rufe littafin. Tunda allo ya gagara, bari in kai ka gona.

Wani manomi ne shanun huɗarsa suka tsufa, ga damina ta ƙarato, ga gonar gyaɗa wadda da ita yake riƙe gidansa daga shekara zuwa shekara. Ranar kasuwa ya tafi kara, inda ake cinikin shanu, ya sami dillali, ya dinga zuba masa tambayoyi kamar alƙali. Shekarunsu nawa? Lafiyayyu ne? Ba su da tabo? Ya buɗe bakinsu ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya ɗaga kofato, har wutsiya sai da ya ja. Dillali bai yi masa ƙarya ko ɗaya ba. Bijimai ne biyu farare tas, tsayinsu ɗaya, ƙirji kamar ƙofar zaure, kuma kowannensu ya yi huɗa damina biyu. To a bayan karar nan akwai wani fili da aka ajiye tsohuwar garma da karkiya, don mai sayen shanun noma ya ɗaura musu, ya ja kunya biyu ko uku ya ga tafiyarsu kafin a sallama. Dillali da kansa ya nuna masa filin. Sai gogan naka ya ce rana ta yi, kuma shi ba yau ya fara ganin sa ba. Ka ji fa! Mutum ya ɓata rabin yini yana tambayar irinsu, amma ya kasa tsayawa daidai da shan fura ya ga yadda suke ja.

Abin da bai lissafa ba shi ne, san huɗa da gefensa ake horar da shi. Wanda ya saba dama, dama ya sani. Wanda ya saba hagu, hagu ya sani. Waɗannan kuwa daga gidaje biyu aka haɗo su, kuma duk biyun 'yan dama ne. Da ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙa luguf, ya ɗaura musu karkiya ya kama garma. Na hagu ya ce shi atafau sai ya koma dama, ya dinga ture ɗan'uwansa. Na dama ya ce ba ya matsawa. Garma na tsalle, kunya ta fito kamar sawun maciji. Ya kwance su ya musanya musu gefe, ba ta sauya zani ba. Ya sa bulala, ɗaya ya durƙushe a tsakiyar gona ya kwanta abinsa yana tuƙa. Ka gani ko, Malam Tanimu? Fari, ƙato, lafiyayye, duk sifa ce, kuma duk gaskiya ce, ko yanzu da ɗayansu yake kwance suna nan da ita. Amma gona ba ruwanta da farin sa. Abin da take tambaya shi ne, a miƙe yake ja ko a karkace, tare suke tafiya ko kowa da alƙiblarsa. Wannan ita ce tambayar bayanau, ita ce kuma bai yi ba.

Ya zaga maƙwabta neman aro. Wa zai ba ka aron sa a makon da ƙasa ta jiƙa? Ya koma wa dillali yana kumfar baki, dillali ya ce masa, "Maigida, duk abin da ka tambaye ni na amsa maka." Manomin ya juya ya kama hanyar gida. Dole ya koma horar da ɗaya daga farko, yana ɗaura masa gungume yana zagaya fili da shi safe da yamma. Kafin san nan ya yarda da hagu an ci kwana ashirin. Gyaɗar mutane ta rufe kunya har an yi mata noman farko, shi sai a lokacin yake zuba iri.

Ta tsiro kuwa, ta yi ganye shar, har ya fara samun barci. Amma ruwa ba ya jiran makararre, ya ɗauke a lokacinsa. Ranar cira ya kama gindi ya tumɓuke, ya matse ɓawo da yatsa, sai ya ji ya lotsa, ba ƙwaya. Ya ci gaba, gindi bayan gindi, har ƙarshen gona, labarin ɗaya ne. Abin da gonar nan ta ba shi a shekarar harawa ce kawai, ya ɗaure ta dami-dami ya jibge a kan rumfa. Haka aka ci rani, uwargida na rage hannun tuwo a kwanon yara, bijimai na ɗaure a turke suna cin harawa suna ƙara ƙiba. Ni abin har yau haushi yake ba ni, don kunya biyu a bayan kara da ta ishe shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.